Hayaƙin Taba a Cikin Tanti Yana Isa ga Ɗan da ke Ciki

Tun da yaƙi ya ci Wad Madani a watan Disamba 2023, iyalai da dama daga ƙauyukan Jazira da na Blue Nile suke kwana a tanti ɗaya ko a ajin makaranta. A irin wannan cunkoso, idan mutum ɗaya ya kunna sigari, kowa na wurin ya sha, har da mai juna biyu.

Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000. Nikotin yana matse jijiyoyin jini da ke kai abinci ga mabiyiya, iskar kabon monoksaid kuma tana tare wurin iskar numfashi a cikin jinin uwa. Zuciyar ɗan tayi tana fara bugawa kusan mako uku bayan shigar ciki, leɓɓansa kuma suna haɗuwa kafin wata biyu, lokacin da sau da yawa uwa ba ta ma san tana da ciki ba. Hayaƙin yana ƙara haɗarin ɓari da haihuwar bakwaini da tsagewar leɓe, da haihuwar jariri mai nauyi ƙasa da kilo 2.5.

Muna roƙon magidanta su fita waje nesa da tanti idan za su sha taba ko shisha. Ɗage labule ba ya korar hayaƙin. Tumbak ma yana da nikotin mai yawa, mai ciki ta guje shi. Duk wadda al'adarta ta ɗauke, ta je wurin ungozoma a asibitin sansani da wuri.