Launin Fure da Idon Ƙudan Zuma

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana yadda launin fure yake jawo ƙwarin da ke ɗaukar bununi daga wannan fure zuwa wancan, wanda in ba da shi ba itatuwa da yawa ba za su yi 'ya'ya ba. Za mu nuna cewa launin alama ce da aka yi domin idon ƙwaro, kuma ba lalle ne abin da muke gani ya zama shi ƙwaron yake gani ba.

Wanda ya fara zurfafa bincike a kan wannan al'amari shi ne wani Bajamushe, Christian Konrad Sprengel. A littafinsa na 1793 ya lura cewa ɗigo-ɗigo da zane-zanen da ke tsakiyar fure suna nuna wa ƙwaro inda ruwan zaƙi yake. Amma an daɗe ana musu, har wasu masana suka ce ƙudan zuma ba ya rarrabe launi sam.

Karl von Frisch ne ya raba gardama cikin 1914. Ya jera takardu masu ruwan toka, daga mai haske zuwa mai duhu, ya sa shuɗiya guda ɗaya a cikinsu, ya ɗora mata ruwan sukari. Da ƙudan zuman suka saba, sai ya sauya mata wuri, ya kuma ɗauke sukarin. Duk da haka suka yi ta sauka a kan shuɗiyar. Da ya gwada da ja kuwa, sai suka riƙa rikita shi da baƙi.

Dalilin haka yana cikin ƙirar ido. Idon mutum yana da masu karɓar haske iri uku, watau na shuɗi, da kore, da ja. Na ƙudan zuma ma uku ne, amma su ne na kore, da shuɗi, da altarabayolet, wani haske da ke gaba da shunayya wanda mu ba ma ganinsa. Saboda haka furen da muke gani rawaya sumul, sau da yawa ƙudan zuma yana ganinsa da baki mai haske da tsakiya mai duhu.

Launi kuma yakan faɗi lokaci. Manomin auduga ya san furenta yakan buɗe da safe fari-fari, kashegari ya koma jaja-jaja. Cikin 1991 Martha Weiss ta nuna cewa irin wannan sauyi ya yaɗu cikin dangogin tsire-tsire masu yawa, kuma ƙwari suna koyon barin tsohon launi su nufi sabon fure mai abinci. Gero da masara kuwa, da yake iska ce ke ɗaukar musu bununi, ba su da fure mai ado.

Daga nan za mu ga cewa launi kira ne kawai, ruwan zaƙi shi ne lada, kuma ƙwaro ba ya yawan komawa inda aka kira shi bai samu kome ba. Don haka ya kamata mai binciken amfanin gona ya auna hasken fure da na'ura gwargwadon ganin ƙwaron, kada ya dogara ga idonsa kaɗai.