TABARAU NA MASU FATSA: YADDA ZA A ZAƁE SHI

Kowane masunci ya san in rana ta ɗaga, fuskar ruwa takan yi ƙyalli har ta kashe ido. Ƙyallin nan yana ɓoye kifi, yana kuma cutar idon wanda ya yini yana dubansa. An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu su bayyana wa sarakunan ruwa da masu fatsa na ƙasarsu.

Asalin Ƙyallin

Hasken rana yana kaɗawa ta kowace fuska. Amma in ya bugi ruwa ya komo, yawancinsa yakan komo yana kaɗawa a kwance. Wani Ba'amurke, Edwin Land, ya ƙago wani siririn falle a 1929 wanda ke tare haske mai kwance, ya bar na tsaye ya wuce, kamar yadda rariya ke tare tsaki. Tabarau mai wannan falle shi ake rubuta wa Polarized. Baƙin tabarau na banza yana rage haske duka baki ɗaya, watau ƙyalli da kifi su dusashe tare. Mai tacewa kuwa yakan kawar da ƙyalli, a ga abin da ke ƙarƙashi.

Aikinsa ya fi kyau in ido ya dubi ruwa a karkace, misalin digiri 37 daga fuskar ruwan. Watau in idon mutum yana ƙafa 6 bisa ruwa, wurin da zai fi gani sarai yana wajen ƙafa 8 gabansa. Can nesa kuwa amfaninsa yana raguwa.

Launin da Ya Dace

Toka-toka: na rana tsaka ne a babban ruwa mai faɗi, kamar Tafkin Chadi ko Kainji. Yana rage haske ƙwarai, ba ya sauya launin abubuwa.

Ruwan ƙasa ko launin jan ƙarfe: na kogi ne da fadama da bakin gaɓa, inda ruwa ba zurfi. Yana fid da jikin karfasa daga rairayi da ciyawa. Wanda zai sayi guda ɗaya kaɗai, wannan ya fi masa.

Rawaya: na sassafe ne da maraice, da ranar gizagizai ko hazo. Ba ya isa kariya da rana tsaka.

Amma fa a sani, babu tabarau da ke huda laka. Da damina, sa'ad da kogi ya gurɓace, ba zai nuna tarwaɗa a gindin ruwa ba. Da rani ne, in ruwa ya kwanta, ake cin moriyarsa.

Lafiyar Ido

A cikin hasken rana akwai wani ɓoyayyen haske da ido ba ya gani, wanda yawan shansa shekara da shekaru yakan taimaka wajen kawo yanar ido da tsiron nama a farin ido. Tace ƙyalli dabam, tare wannan haske dabam. Saboda haka lalle a nemi mai alamar UV400. Baƙin gilashi marar wannan kariya yana iya zama gara babu, gama duhunsa yana sa ƙwayar ido ta buɗe, mugun hasken ya shiga da yawa.

Gwaji a Kasuwa

Rubutu ba shaida ba ne, jabu ya yi yawa. Mai saye ya ɗauki tabarau biyu masu tacewa, ya ɗora idon ɗaya bisa na ɗaya, sa'an nan ya juya guda har ya gicciye. In na gaske ne duka biyu, wurin zai yi baƙi ƙirin. In bai sauya ba, a mayar wa mai kaya.

Abin da Ake Roƙo

Hakimai su sa a karanta wannan a gaban masunta, a kuma gargaɗe su da abu huɗu: su sa malafa tare da tabarau, su ba rana baya in da hali, su ɗaure shi da zare a wuya kada ya faɗa ruwa, su wanke ƙura da ruwa kafin su goge don kada ya karce. Wanda idonsa ya fara hazo kuwa, kada ya dogara ga tabarau, a aika da shi asibiti da wuri.