Gidan Tarihin Jiragen Ruwa da Ya Taɓa Zama a Fadar Louvre

Zane-zane da gumaka ne ke jan mutane zuwa fadar Louvre da ke birnin Paris a yau. Amma fiye da shekara ɗari fadar tana ɗauke da wani gidan tarihi na daban, wanda ya taɓa haɗa jiragen ruwa da kayan al'adun mutanen ƙetare a rufi guda.

Asalinsa kyauta ce. A 1748 wani masani mai kula da harkokin rundunar ruwa, Duhamel du Monceau, ya ba Sarki Louis na 15 tarin ƙananan samfuran jirage. A 1827 Sarki Charles na 10 ya kafa gidan a hukumance da sunan Musée Dauphin, sai juyin juya halin 1830 ya sa aka sauya masa suna zuwa Musée Naval.

Me ya haɗa jirgi da mashi ko tabarma? Amsar tana wajen matuƙa. Duk jirgin gwamnati da ya je binciken tsibiran Tekun Pasifik, ba ya dawowa hannu rabbana. Makamai, tufafin ɓawon itace, kayan ado da na bauta, wasu an saya, wasu musaya aka yi, wasu kuwa ƙwace ne. Dumont d'Urville, wanda ya yi tafiya da jirgin Astrolabe daga 1826 zuwa 1829, yana cikin waɗanda suka cika ɗakunan. Daga 1871 Admiral François-Edmond Pâris ya karɓi ragamar gidan, ya sa aka sassaƙa samfuran kwale-kwalen Asiya da na Pasifik bisa awon da ya ɗauka a tafiye-tafiyensa, domin a ganinsa fasahar masassaƙan can ta cancanci nazari.

Zaman tare bai ɗore ba. Da aka kafa gidan nazarin al'adu na Trocadéro a 1878, masana suka fara ganin kayan ƙetare ba hurumin sojan ruwa ba ne. A farkon ƙarni na 20 aka rarraba su zuwa wasu gidaje, ciki har da na Saint-Germain-en-Laye. Jiragen kuma suka koma fadar Chaillot, inda aka buɗe sabon gidansu a 1943. Wasu daga cikin tsofaffin kayan suna gidan Quai Branly da aka buɗe a 2006.

Rabuwar ta inganta nazari, amma ta ɓoye wani abu. A tsohon gidan, mai kallo yana ganin kaya yana kuma ganin irin jirgin da ya kwaso su. Yanzu da ƙasashe ke neman a mayar musu da kayan kakanninsu, tambayar farko ita ce wa ya ɗauko, kuma ta wace hanya. Tsofaffin rajistocin gidan da littattafan matuƙan na cikin abubuwan da masu bincike ke komawa gare su don samun amsa.