Kurkunu: yadda masanan jami'a suka taimaki ma'aikatan lafiya

Dattawanmu sun san wahalar kurkunu. Yakan kwantar da mutum da damana, lokacin da gona take jiran hannu. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta tabbatar cewa Nijar ta rabu da shi.

Kurkunu ba shi da maganin sha, ba shi da allurar rigakafi. Daga ruwan tabki ake kamuwa da shi. A cikin ruwan akwai ƙananan ƙwari masu ɗauke da ƴaƴan tsutsar. In mutum ya sha, bayan kamar shekara guda sai tsutsa ta huda fata ta fito, yawanci a ƙafa. Tsawonta kan kai mita guda. In mai ciwon ya tsoma ƙafarsa cikin tabki don ya ji sanyi, sai ta zuba dubban ƴaƴa a ruwan. Saboda haka ruwa aka gyara: tacewa da ƙyalle, gina rijiyoyi, da hana mai ciwo shiga tabki.

Tun 1986 Cibiyar Carter ta Amurka ta shiga gaban wannan yaƙi. Tsohon shugaban ƙasa Jimmy Carter ne ya kafa ta tare da Jami'ar Emori, kuma tana aiki da ma'aikatun lafiya na ƙasashe. A waccan shekara an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi sun kamu. A 2023 mutum 14 kawai aka samu a duniya, 9 daga cikinsu a maƙwabciyarmu Cadi.

Me ya sa cutar ta yi taurin kai a Cadi? Tun 2012 aka riƙa ganin tsutsar a jikin karnuka.  Sai masanan Jami'ar Ekseta ta Ingila suka ɗaura wa karnukan ƙauyukan bakin kogin Shari wata ƴar na'ura a wuya, mai nuna duk inda suka je. Suka kuma binciki abincinsu. A 2021 suka bayyana cewa karen da ya fi cin kifi ya fi kamuwa.

Wannan ya ƙarfafa shawarar da ma'aikatan lafiya suke ba masunta: a binne hanjin kifi, kada a jefa wa kare. Karen da tsutsa ta fito masa kuwa, a ɗaure shi nesa da ruwa har ta gama fita.