Gangar suna a Ingilishi

Anu Araran yana arewa da Agadas, kusa da Cirozerin. A can ake haƙo gawayin ƙasa. An kafa kamfanin SONICHAR a 1975. A 1981 tasharsa ta fara ƙona gawayin, tana aika wutar lantarki zuwa Arlit, garin yuraniyom. Ga jimloli biyu a kan wannan aiki:

1. Ɗalibai sun san labarin.
2. Ɗalibai sun san cewa gawayi yana ba da wuta.

Me ɗalibai suka sani? A jimla ta farko, amsar kalma ɗaya ce: labarin. Wannan kalma suna ce. A jimla ta biyu, amsar doguwa ce: cewa gawayi yana ba da wuta. Tana da nata aikatau, wato kalmar aiki, amma ta zauna a wurin da suna yake zama. Irin wannan guntun magana shi ake kira gangar suna.

Ingilishi ma haka yake yi:

The pupils know the story.
The pupils know that coal gives electricity.

Kalmar that ita ce cewa. A Faransanci kuma que ce:

Les élèves savent que le charbon donne de l'électricité.

A nan sai a lura. Bahaushe yana iya barin cewa, ya ce: sun san gawayi yana ba da wuta. Mai Ingilishi ma yana iya barin that a irin wannan jimla. Amma a Faransanci, in aka cire que, jimla ta lalace.

Tambaya ma tana iya komawa gangar suna. Idan ta koma, sai ta canza kama:

Ina wutar take zuwa?
Direba ya san inda wutar take zuwa.

Ina ta zama inda. A Ingilishi where ba ta canzawa, sauran kalmomin ne suke canzawa:

Where does the electricity go?
The driver knows where the electricity goes.

Does ta fita, go ta zama goes, alamar tambaya ta ɓace. A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Sai su bar does a cikin ganga, alhali direba ba tambaya yake yi ba.

Wani lokaci gangar suna tana zuwa a farkon jimla:

Abin da ma'aikata suke haƙowa baƙi ne.
What the workers dig is black.

Yaya ake gane ta? A cire ta, a sa shi a gurbinta, ko it a Ingilishi. Sai a samu: sun san shi, it is black. In jimla ta tsaya daidai, to gangar suna ce aka cire.

Ɗalibin da ya gane aikin cewa, da inda, da abin da, ba zai ga that, da where, da what kamar baƙi ba. Ya riga ya san aikinsu tun a harshen gida.

Aikin yi
Ku nemo gangar suna a kowace jimla, ku ja mata layi:
1. Malam ya ce Arlit yana da nisa.
2. The children see what the lorry carries.
3. Ba a manta ranar kasuwa ba.
Jimla ɗaya ba ta da gangar suna. Wacce ce? Don me?