Rumbun Kwamfuta Ma Yana Son Leƙawa

Manomin da ya rufe rumbu bai sake leƙawa ba sai bazara, gara ya yi wa noma. Haka yake ga akwatin ajiya da ake girkawa a ofisoshi da manyan kantunan Ikko da Badun, wanda dukan kwamfutocin wurin suke zuba lissafinsu a ciki. Kamfanonin Synology da QNAP na Taiwan suna cikin masu ƙera shi.

Da yawansu faifai biyu gare su, kowane yana ɗauke da kwafin ɗan'uwansa. To, in ɗaya ya mutu aiki ba ya tsayawa, sai dai fitila ta sake launi, akwatin ya yi ƙara. In kuwa yana kulle a ɗakin da ba mai shiga, ran da na biyun ya bi sahu, littafin bashi da na albashi sun tafi ke nan.

Faifan yana auna lafiyar kansa da tsarin SMART, wato zafinsa, da awoyin aikinsa, da gurabun da suka lalace. A 2007 Google ya fitar da bincike kan faifai fiye da 100,000: wanda aka fara gano wa tabo, haɗarin mutuwarsa cikin kwana 60 ya ninka sau 39. Amma kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su yi gargaɗi ba.

Saboda haka wajibi ne mai shi ya leƙa kowace safiya, ya sa akwatin ya riƙa aiko masa da saƙo, ya haɗa shi da batiri saboda ɗaukewar wuta, ya kuma ajiye wani kwafin a wani gida dabam.