Ƙiyasin Kuɗin Motar da Ba Ta Fito Ba

A ƙasashen da ake ƙera motoci, musamman Amurka da Jamus da Japan, akwai wani lokaci da yakan shiga tsakanin ranar da kamfani ya sanar cewa yana shirin fito da sabuwar mota da ranar da zai bayyana kuɗinta, wani sa'i watanni ne, wani sa'i har ya kai shekaru, kuma a cikinsa ne marubutan mujallu, da dillalai, da waɗanda suka daɗe suna tari domin saye, sukan duƙufa ga wani aiki da mai hange daga nesa zai ɗauka zaman banza ne, watau kintacen nawa za a sayar da motar, da darajoji nawa za a kasa ta, da kuma irin kayan ƙarin da za a ɗaure a ƙunshi ɗaya a ce wa mai saye ko ya ɗauka duka ko ya bari duka. A ganina aikin ba na banza ba ne, muddin mai yinsa ya iya rarrabe ƙiyasi da buri, ya kuma lura cewa adadin da kowa ya ƙosa ya ji, watau kuɗin mafi ƙarancin daraja, shi ne mafi ƙarancin fa'ida a cikin duk abin da ake kintata.

Asalin al'amarin ba haka yake ba. Lokacin da Henry Ford ya fito da motarsa Model T a 1908 a kan dala 850, himmarsa duka tana kan yin abu iri ɗaya da yawa domin kuɗinsa ya sauko, ya kuwa sauko har mafi arha daga cikinta ta kai dala 260 a 1925, kuma daga 1914 zuwa wannan shekara baƙin fenti kaɗai ake yi mata, saboda haka babu abin da mai saye zai tsaya yana hasashe a kai. Alfred Sloan, wanda ya zama shugaban General Motors a 1923, shi ya ɗauki wata hanya dabam, ya jera motocin kamfaninsa hawa-hawa daga Chevrolet a ƙasa har Cadillac a sama, domin duk wanda arzikinsa ya ƙaru ya tarar da wata mota tana jiransa a gaba ba tare da ya koma wani kamfani ba. Daga baya aka shigo da wannan dabara cikin mota guda, kamar yadda kamfanin Ford da kansa ya yi da Mustang a watan Afrilu na 1964, inda aka yi ta yayata kuɗinta na dala 2,368, alhali kuwa babban injin, da giya mai sauya kanta, da rediyo, duk sai an ƙara kuɗi kafin a same su.

Me ya sa ba a bar kowa ya zaɓi abin da yake so ɗaya bayan ɗaya ba? Dalili na farko lissafi ne tsagwaronsa, domin idan mota tana da kayan ƙari 20 waɗanda kowannensu ana iya sa shi ko a bar shi, to ire-iren motar da masana'anta za ta iya fuskanta sun kai 1,048,576, tun ba a zo ga launi ba, kuma babu ma'aikatar da za ta iya tanadin kayan haɗi da tsara layin aiki a kan wannan yawa ba tare da asara ba. Shi ya sa kamfanonin Japan, waɗanda motocinsu kan yi makonni a teku kafin su isa Amurka, suka saba da taƙaita darajoji zuwa kaɗan. Dalili na biyu, wanda kamfanoni ba su cika son ambatonsa ba, shi ne cewa ƙunshi yana sa mutum ya biya kuɗin abu biyar domin abu ɗaya da ransa ya biya, tamkar mahauci da ya ce ba ya sayar da tsoka sai an haɗa da ƙashi.

Babu misalin da ya fi bayyana wannan mas'ala kamar Chevrolet Corvette ƙira ta takwas. Tun 1953 da aka fara yin wannan mota injinta a gaba yake, sai ga hotunan wata sabuwa ana gwajinta lulluɓe da zanen ɓad-da-kama, surarta tana nuna cewa an mai da injin bayan direba, kamar yadda ake yi a motocin tsere da irin su Ferrari. A watan Afrilu na 2019 shugabar General Motors, Mary Barra, ta ratsa birnin New York a cikinta tana lulluɓe, an rubuta ranar bayyanarta a jikinta, ba a kuwa ce uffan game da kuɗi ba. Nan masu kintace suka rabu biyu, kuma duk wanda ya karanta usulu zai gane saɓaninsu nan take, domin malamai sun ce rukunan ƙiyasi huɗu ne, asali da reshe da illa da hukunci, kuma rigimar duka a kan zaɓen asali da illa take. Kashi na farko suka ɗauki motocin da injinsu ke bayan direba a matsayin asali, irin su Acura NSX da Audi R8, waɗanda kowaccensu ta haura dala 150,000, suka ce illar tsada ita ce mazaunin injin, suka yanke hukunci cewa sabuwar Corvette sai ta kusanci dala 100,000 ko ta wuce. Kashi na biyu suka ɗauki tsohuwar Corvette a matsayin asali, wadda a 2019 take farawa daga wajen dala 57,000, suka ce illar da ke ƙayyade kuɗin wannan mota ita ce aljihun mutanen da suka saba sayenta, da kuma masana'antar Bowling Green a jihar Kentucky inda ake ƙera ta, wadda ba za ta rayu ba sai tana fitar da motoci dubbai masu yawa kowace shekara.

Kashi na biyu ne suka dace. Ranar 18 ga Yuli 2019, a garin Tustin na jihar Kalifoniya, aka yaye lulluɓi, Mark Reuss, ɗaya daga cikin manyan jami'an kamfanin, ya shaida wa taron cewa za ta fara daga ƙasa da dala 60,000, kuma a watan Agusta aka tabbatar da dala 59,995, har da ladan kai ta wurin dillali. Kuskuren kashi na farko shi ne sun riƙi sura suka bar ma'ana: abin da ya sa waɗancan motoci tsada shi ne ana yin su kaɗan-kaɗan da kayan haɗi na musamman, alhali General Motors ya ɗauko injin mai silinda takwas na lita 6.2 daga dangin injinan da yake ƙerawa da ɗimbin yawa domin manyan motocinsa na ɗaukar kaya.

Amma fa ko su waɗanda suka dace, rabin mas'alar kaɗai suka warware. An kasa motar daraja uku: 1LT a dala 59,995, 2LT a 67,295, 3LT kuwa a 71,945. Sa'an nan ga ƙunshin da ake kira Z51, a lokacin a dala 5,000, wanda ya haɗa manyan birki, da tayoyi masu kama titi, da salansa mai ƙara ƙarfin injin daga doki 490 zuwa 495, da ƙarin na'urar sanyaya injin. Kuma saurin tashin da aka riƙa alfahari da shi a wajen taron, na motar da ke ɗauke da wannan ƙunshi ne. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wata 'yar na'ura mai ɗaga goshin motar sama kaɗan domin kada ta gogi tudun da ake yi a titi don rage gudu, wadda kuɗinta a lokacin dala 1,495 ne kacal, amma ba a sa ta a 1LT, ta yadda mutumin da hanyar gidansa take da tudu, ba ya kuma buƙatar kome daga ƙawar 2LT, tilas ya biya dala 68,790, watau ƙarin 8,795 a kan adadin da jaridu suka buga da manyan baƙaƙe. Da aka fitar da ƙididdigar motoci 20,368 na shekarar 2020, sai aka ga waɗanda suka ɗauki 1LT ba su kai biyu cikin goma ba, kuma kusan uku cikin huɗu sun ƙara Z51. Bilhasali, mai kintacen da ya iya gano wane abu ne za a kulle a wace daraja ya fi amfanar mai saye a kan wanda ya canki kuɗin farko daidai.

Hujjojin da ake dogara da su ba ɗaya suke ba wajen ƙarfi, kuma ya kamata a jera su kamar yadda ake jera riwayoyi. Mafi inganci su ne takardun da doka ta wajabta wa kamfani ya miƙa wa hukumomi kafin ya fara sayarwa, na hayaƙi da shan mai da tsarin lambar jikin mota, domin daga cikinsu akan gane injuna nawa ne da sunayen darajoji. Sai littafin oda da ake aika wa dillalai, wanda sau da yawa yakan fita waje kafin lokacinsa. Sai al'adar kamfanin a motocinsa na baya, da kuɗin abokan gasa, tun da ba a cika barin sabuwar mota ta yi nisa da kishiyarta ba, ko ta taka kuɗin wadda ke samanta a gida ɗaya. Mafi rauni kuwa shi ne "wani ya ji daga wani dillali", wanda kusan kullum yakan zo daidai da abin da mai faɗarsa yake fata.

Kada kuma a zaci kamfani ba ya sauraron wannan hayaniya. Kyauta yake samun abin da da sai ya biya masu bincike kafin ya sani. Lokacin da Ford ya bayyana Bronco a watan Yuli na 2020, ya buɗe rajista da dala 100, kuma ya ce ƙunshin Sasquatch, mai manyan tayoyi na inci 35 domin shiga jeji, sai a mota mai sauya giya da kanta. Masu son giyar hannu suka yi ca, ba a yi wata uku ba kamfanin ya sauya magana ya ce za a haɗa musu. Haka kuma darajar First Edition, wadda aka ce 3,500 za a yi, aka ninka ta zuwa 7,000 da aka ga yadda aka yi rububinta.

Inda ƙiyasi yake gazawa shi ne inda lokaci ya yi tsawo, ko kuma inda babu asalin da za a kwatanta da shi. A watan Nuwamba na 2019 Tesla ya nuna Cybertruck ya ambaci dala 39,900 da 49,900 da 69,900, mutane suka yi ta rajista da dala 100. Da aka fara miƙa ta ranar 30 ga Nuwamba 2023, ta tsakiyar ta koma 79,990, watau ƙarin kashi 60 cikin ɗari, alhali tsadar kayayyaki a Amurka cikin waɗannan shekaru huɗu ba ta wuce wajen kashi 20 ba. Ford F-150 Lightning mai aiki da lantarki an sanar da ita a dala 39,974 a watan Mayu na 2021, kafin ƙarshen Maris na 2023 ta kai 59,974, daga baya aka rage. A nan ba masu kintace kaɗai suka yi kuskure ba, shi kansa kamfanin zato yake yi game da kuɗin batir da wahalar ƙira. Ko an san kuɗin ma da saura, domin takardar da dokar 1958, wadda ake jingina wa Sanata Mike Monroney, ta wajabta a liƙa a gilashin kowace sabuwar mota a Amurka, shawarar kamfani kawai take ɗauke da ita, dillali yana da ikon ɗora abin da ya ga dama idan masu so sun fi motocin yawa, kamar yadda aka gani a Corvette da Bronco duka.

Saura hukuncin ita dala 100 ɗin. Sananne ne a fiƙihu cewa ciniki ba ya ƙulluwa idan an jahilci kuɗi ko siffar abin sayarwa, kuma malaman Malikiyya ba su halatta kafin alƙalamin da mai saye zai yi asararsa idan ya fasa ba, ko da yake Imamu Ahmad ya yi sauƙi a kai. Rajistar Bronco da ta Cybertruck ba ciniki ba ce, riƙon wuri ne a layi, kuma ana mayar wa mutum kuɗinsa idan ya janye, sai dai shi ma kamfanin ba ta ɗaure shi da kome ba, ko kuɗi ko rana. Mu da akasarin motocinmu sai sun yi shekaru a hannun wasu kafin su sauka a Kwatano ko Legas, wannan kintace bai cika samunmu ba, amma sakamakonsa yana riskarmu: haruffan LE da SE da XLE da ke bayan Toyota Camry, waɗanda dillalan Kano da Kaduna ke nunawa da yatsa idan ana ciniki, darajojin nan ne da aka tsara tun motar ba ta fito ba, kuma har yanzu su ne ke raba kuɗin motoci biyu masu shekara ɗaya da lafiya ɗaya.